Gurɓacewar ruwan sha a Walkerton

Gurɓacewar ruwan sha a Walkerton annoba ce da ta afka wa wani ƙaramin gari a lardin Ontario na Kanada a watan Mayun 2000. Mamakon ruwan sama ya kwaso kashin shanu daga wata gona ya malala cikin rijiyar garin mai lamba 5, ƙwayoyin cutar E. coli O157:H7 da Campylobacter suka bi famfo har gidaje. Mutum 7 suka rasu, kimanin 2,300 suka kamu da ciwo.

Binciken Mai Shari'a Dennis O'Connor ya bankaɗo sakaci tsagwaronsa: ma'aikatan ruwa ba sa zuba isasshen sinadarin kulorin, kuma sun daɗe suna cika takardun awo da alƙaluman ƙarya. A 2002 Ontario ta kafa sabuwar dokar tsaftar ruwan sha.