Duba-gari: Daga Ingila Zuwa Ƙasar Hausa

Aikin duba-gari, wato ma'aikacin hukuma mai zagaya unguwanni yana shiga gidaje domin tabbatar da tsafta, ba a ƙasar Hausa ya samo asali ba, ko da yake tun kafin zuwan Turawa Hausawa suna da tsarinsu na share tsakar gida da haƙa salga da keɓe juji. Tushen aikin yana Ingila ne a ƙarni na 19, lokacin da masana'antu suka janyo talakawa daga ƙauyuka zuwa birane irin su Landan da Mancesta, suka cunkushe a unguwannin da babu ruwa mai kyau, har cutar kwalara ta fara yi musu ɓarna daga 1831. A shekarar 1842 Edwin Chadwick ya fitar da rahoto kan yanayin tsaftar ma'aikata, inda ya danganta cuta da ƙazantar muhalli, kuma wannan rahoto ne ya share fage ga dokar lafiyar jama'a ta 1848. A ƙarƙashin dokokin wannan zamani aka riƙa naɗa jami'in da aikinsa shi ne gano duk abin da ke cutar da maƙwabta, kamar kwata mai wari ko tulin shara, ya tilasta wa mai shi ya kawar.

Masu mulkin Ingila na lokacin ba su raba tsaftar gari da gyaran hali ba, domin a ganinsu ƙazanta da shaye-shaye da lalaci duk uwarsu ɗaya, saboda haka wa'azi da tara suka riƙa tafiya tare. Sai dai ba su tsaya nan ba. Bayan ɗoyin kogin Tems ya addabi majalisar dokoki a 1858, an ɗora wa injiniya Joseph Bazalgette aikin gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa, kuma waɗannan magudanai da ruwan famfo, ba tsoron jami'i ba, su ne suka raba Landan da kwalara.

Abin da ya iso Nijeriya rabin wannan tsari ne. Bayan Ronald Ross ya tabbatar a 1897 cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, hankalin gwamnatin mulkin mallaka ya koma kan kare lafiyar Turawa, don haka dokar birane ta 1917, a zamanin Gwamna Lugga, ta ware musu unguwanninsu tare da barin fili na yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa. Su kuwa mazauna cikin birni sai aka haɗa su da duba-gari, waɗanda a Arewa suke aiki ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, kuma aka buɗe makarantar horar da su a Kano. Duba-gari yakan leƙa randa da tulu, idan ya ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a ciki ya sa a zubar da ruwan, alhali wataƙila daga rijiya mai nisa aka ɗebo shi ko kuwa saye aka yi a wurin ɗan garuwa. Yakan duba murfin salga da bakin kwata, ya kuma bi mahauta da masu sayar da abinci a kasuwa, wanda ya saɓa a kai shi gaban alƙali a ci shi tara. A garuruwan da ake kulle, wucewar baƙon namiji daga zaure zuwa cikin gida ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa tsoron duba-gari ya rinjayi ƙaunarsa, har jin labarin shigowarsa unguwa kan sa mata su hau shara da wanke-wanke ba shiri.

Wannan ra'ayi na haɗa tsafta da ladabtarwa ya sake kunno kai a watan Maris na 1984, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari da mataimakinsa Tunde Idiagbon ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, wanda aka fi sani da WAI. An fara da bin layi a tashar mota da banki, aka biyo da zuwa aiki a kan lokaci, inda sojoji suka riƙa sa ma'aikatan da suka makara tsallen kwaɗo. Mataki na biyar, na tsaftar muhalli, a Kano aka ƙaddamar da shi a watan Yuli na 1985, wata guda kafin a hamɓarar da gwamnatin, amma al'adar hana zirga-zirga da safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata domin shara da yashe kwata ta rayu bayanta a jihohi da dama, duk da cewa dattin da aka yaso yakan zauna a bakin titi har ruwan sama ya mayar da shi inda ya fito, saboda ƙarancin motocin kwashewa.

A shekarar 2002 aka kafa majalisar da ke yi wa jami'an lafiyar muhalli rajista, wanda ya mayar da aikin sana'a mai ƙa'ida. Duk da haka, daga cikin abubuwa biyun da Ingila ta dogara da su, mai dubawa da magudana, na farkon kaɗai ƙasar Hausa ta gada, kuma har yau akasarin gidajen Kano da Zariya da Katsina da salga da buɗaɗɗiyar kwata suke amfani.