3.2 Dandali da Fadama a Rayuwar Yaran Wurno da Rabah da Goronyo

Wurno, wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar ribaɗi kuma ya rasu a cikinta a 1837, tana gefen fadamar Gulbin Rima ne, haka ma Goronyo. Ita kuwa Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, tana bakin Gulbin Sakkwato. Wannan ne ya sa yaran garuruwan suka tashi da wuraren wasa iri biyu. Da dare akwai dandali, inda 'yan mata ke gaɗa, samari na langa da kokawa. Da rana kuwa sai fadama. A nan yaro ke koyon iyo da kamun kifi, ya bambance kurna da magarya, ya kori tsuntsaye daga shinkafar mahaifinsa, alhali ba wanda ya kira wannan karatu.

Kammala madatsar ruwa ta Bakalori a 1978 da ta Goronyo a 1984 ya sauya yadda ambaliya ke zuwa. Kududdufan da ruwa ke bari bayan damina, inda yara ke lalube, suka ragu, noman rani kuma ya cinye wasu filayen. Dandali ya fi jurewa, sai dai gidajen kallo sun janye masa samari.