Iyakar da ke Tsakanin Mahalicci da Halitta a Aƙidar Katolika

A watan Nuwamba na 1215 Paparoma Innocent na Uku ya tara bishop-bishop sama da 400 a fadar Lateran da ke birnin Roma. Cikin abubuwan da suka hana su barci akwai koyarwar Katarawa, wadda ta yi ƙarfi a kudancin Faransa: wai tushen samuwa biyu ne, na kirki ya halicci ruhi, mugu kuma ya halicci jiki da duk abin da ido ke gani. Majalisar ta amsa da cewa Allah ɗaya ne, Shi ya halicci na bayyane da na ɓoye tun farkon zamani ba daga komai ba, kuma ko Shaiɗan ma nagari aka halicce shi, shi ne ya ɓata kansa. A ganina nan ne ginshiƙin aƙidar Katolika game da zatin Allah yake. Wanda bai riƙe iyakar da ke tsakanin Mahalicci da halitta ba, zai yi masa wuya ya gane abin da Ikilisiya ke faɗi a kan Triniti ko a kan mugunta.

Mai ginin tukwane sai da yumɓu yake aiki, kuma tukunyar da ya gina tana iya yin shekara da shekaru bayan ya rasu. Duka biyun Katolika sun kore su daga Allah. Bai tarar da wani abu a ajiye ba da zai sarrafa, sannan halitta ba ta da wani lokacin da take tsaye da ƙafarta. A kowane numfashi daga gare Shi take karɓar samuwa. Nassin da aka fi kafa hujja da shi yana cikin Littafin Makabiyawa na Biyu, sura ta 7, inda uwar 'ya'ya bakwai take ƙarfafa autanta a gaban azaba, tana tuna masa cewa Wanda Ya yi sama da ƙasa ba daga wani abu ba zai iya mayar masa da ransa. A bakin wannan mata batun halitta hujja ce ta tashin matattu, kuma haka Ikilisiya ta riƙe shi.

Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, shi ya ba wannan imani tsari na falsafa, kuma bai ɓoye cewa ya karanta Ibn Sina ba. Daga gare shi ya amfana da bambancin da ke tsakanin mahiyyar abu da samuwarsa. Mutum ko tauraro ko mala'ika, kowanne ana iya sanin mene ne shi ba tare da samuwarsa ta zama tilas ba. Allah kaɗai ne zatinSa shi ne samuwarSa, don haka ba Shi da ɓangarori, ba Ya sauyawa, ba Ya ƙaruwa da komai. Amma Akwinas ya rabu da Ibn Sina a wuri mai muhimmanci: bai yarda cewa duniya ta ɓuɓɓugo daga Allah bisa dole ba. Da nufinSa Ya yi ta, da Ya so kuma da bai yi ba. Majalisar Batikan ta Farko ta sake tabbatar da haka a 1870.

Da wannan ma'auni ne ya kamata a karanta rikicin Majalisar Nikiya ta 325. Ariyus, limamin coci a Iskandariya, ya koyar da cewa Ɗa, wato Almasihu, shi ne mafi ɗaukakar halittu, amma akwai lokacin da babu shi. Tambayar da ke gaban majalisar ita ce: a wane gefen iyaka Almasihu yake? Babu matsayi na uku, domin duk abin da ba Allah ba halitta ne. Suka yanke cewa haifaffe ne, ba halitacce ba, zatinsa ɗaya da na Uba. Majalisar Kustantiniya ta 381 ta kammala magana a kan Ruhu Mai Tsarki. Wannan shelar bangaskiya ce Katolika ke karantawa a Misa ranar Lahadi, daga Roma har Kafanchan da Maraɗi.

Mai karatu Musulmi zai ce a nan aka saɓa wa kaɗaituwar Allah, kuma saɓanin na gaskiya ne, ba ya gushewa da lallashi. Abin da adalci ke nema kawai shi ne a faɗi da'awar yadda masu ita suke faɗinta. Ba su ce alloli uku ba, ba su kuma ce an raba zati gida uku ba. Sun ce zati ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu kuwa dangantakarsu ce kaɗai ta bambanta su. Daga nan suke fitar da wata natija: tun da ƙauna tana cikin Allah tun azal, bai halicci duniya don kewa ko bukata ba. Kyauta ce zalla.

Inda aƙidar ta fi shan matsi shi ne batun mugunta. Agustin, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya yi kusan shekara tara cikin mabiya Mani, masu cewa haske da duhu tushe biyu ne, kafin ya kai ga cewa mugunta ba halitta ba ce, rashin alherin da ya kamata a samu ne. Hujjar ta kare kaɗaituwar Mahalicci da nagartar jiki, aure da abinci da ƙasa. Sai dai ba ta share hawayen wanda ya binne ɗansa, shi ya sa Katekizim na Ikilisiyar Katolika na 1992 ya ce dukan bangaskiyar Kirista ce amsar tambayar mugunta, ba wata jimla guda ba.

Akwinas ya yi wata magana da ta fusata wasu malaman zamaninsa: hankali kaɗai ba zai iya tabbatar da cewa duniya tana da farko a zamani ba, wahayi ne ya sanar da haka. Ko da a ce ta dawwama tun azal, da halitta ce dai, domin dogaro ga Allah shi ne ma'anar halitta. Wannan taka-tsantsan ya yi rana bayan ƙarni bakwai. Georges Lemaître, fada ne ɗan Beljiyam kuma masanin kimiyyar sararin samaniya, shi ya nuna a 1927 cewa sararin yana faɗaɗa, a 1931 kuma ya kawo ra'ayin cewa ya faro daga dunƙule guda. Da Paparoma Pius na Sha Biyu ya yi jawabi a 1951 yana kusantar da wannan bincike ga labarin halitta na Littafin Farawa, Lemaître bai ji daɗi ba. A wurinsa lissafi yana bin sauyin abu daga hali zuwa hali, ba ya kaiwa ga dalilin da ya sa akwai abu tun asali. Na fi ganin gaskiya a gefen fadan, kuma koyarwar Akwinas tana tare da shi.