Famfon Sitiyari a Garejin Yassa

Famfon sitiyarin tirela ƙaramin abu ne, yaron gareji na iya ɗaukarsa da hannu ɗaya, amma shi ke tura mai zuwa akwatin sitiyari da matsin da ya haura bar 100, har direba ya juya motar da ta ɗauko lodi daga tashar jiragen ruwa ta Duwala. A Yassa, bakin gari ta gabas, inda manyan motoci ke jeruwa kafin su kama hanyar Yawunde zuwa Ngaundere, Njamena ko Bangi, ana kiransa pom direksiyon, kuma yoyonsa na cikin abin da ake yawan kawowa gareji.

Tsofaffin gingimari, irin Mercedes mai gajeren hanci da aka fara ƙerawa a 1959, da yawansu sun zo babu famfo, damtsen direba ne ke aikin. Da famfon ya yawaita a jikin Berliet da Saviem, waɗanda suka haɗe suka zama Renault a 1978, sai makanikan unguwar Hausawa ta New Bell suka koyi buɗe cikinsa. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, ta ƙara wa wannan aiki kasuwa, domin kayan waje sun yi tsada, mai mota ya gwammace a gyara masa nasa.

Gyaran yana da ƙa'ida. Ana wanke famfon da gas a cikin tasa, a shimfiɗa farin ƙyalle, a jera ƴan fukafukan ƙarfen da ke cikinsa kowanne da fuskar da ya fito, don idan aka juya su matsi ya tafi. Farantin gefe, in ya yi ƴan layuka, sai a ɗora takardar gogewa mai laushi a kan gilashi a yi ta murzawa har ya koma sumul. Sannan a canja sil da zobban roba. Wani tsohon maigida na New Bell, wanda yaransa suka watsu har Yassa, ba ya barin almajiri ya taɓa sifana sai ya sa yatsa cikin tankin mai ya shinshina. Jan mai mai kumfa, iska ce ke shiga ta tiyon tsotso, famfon lafiyarsa lau. Baƙi mai ƙauri, ciki ya ci wuta. In kuma tanki na raguwa, ƙasa a bushe, sai ya ce a zaro sandar gwajin man inji: a motocin da haƙoran inji ke juya famfonsu, sil ɗin da ya mutu cikin inji yake zubar da mai. Yaran da suka ci faɗansa a kan wannan har yau ba sa kwance famfo kafin su duba.

Da motar Actros ta fito a 1996, daga baya Howo ta Sin ta cika hanya, sai aikin ya koma cirewa da sakawa. Ana aika yaro kasuwar Camp Yabassi ya sayo sabo ko okaziyon, wato na hannu, a ɗaura cikin sa'a biyu. Canjin kansa ba laifi ba ne, famfon da zoben cikinsa ya cinye ba ya gyaruwa. Abin takaicin shi ne yadda sababbin shiga ke ɗaura sabon famfo a kan tsohon mai. Garin ƙarfen da tsohon ya zubar yana nan cikin tiyo da matatar tanki, shi zai cinye sabon a tsakiyar tafiyar Njamena, tafiyar kusan kilomita 1,800, a dawo ana zagin kayan Sin.

Yadda tsofaffi suka bar aikin, ana zubar da mai duka, a wanke tiyo, a canja matata, a jiƙa cikin sabon famfo da mai kafin a ɗaura. Sai a ɗaga gaban mota da jak, inji a kashe, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ana ƙara mai har kumfa ta daina tasowa. Bayan haka ake tada inji, ba a danne sitiyari a ƙarshe fiye da ɗan lokaci kaɗan, a sauke motar, a sake duba tanki da bakin kowane tiyo.