Tufafin Bukukuwa a Idon Ɗaliban Zane: Waiwaye Kan Tarihin Zariya

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin zane da aka ba aikin kammala karatu, idan ya rasa madafa, yakan waiwayi bukukuwan gargajiya, inda launi da ado suka yawaita. Wannan ɗabi'a tana da tarihi a Nijeriya, kuma a Zariya ta yi saiwa. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun tarihin a taƙaice, tare da nuna cewa tufar biki tana ɗauke da saƙo, wanda ba ya karantuwa sai ga wanda ya san sunayen kayan da matsayin masu sa su.

2.0 'Yan Tawayen Zariya

A shekarar 1958 wasu ɗaliban sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da ke Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa wata ƙungiya da daga baya aka yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Daga cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Kokensu shi ne, manhajar da ake koyar da su an ɗauko ta ne daga makarantun Ingila, ba ta bar wa fasahar gida gurbi ba. A 1960 Okeke ya fayyace aƙidarsu, wato a riƙe dabarun da aka koya daga Turawa, a gwama su da abin da kowa ya gada a gidansu.

Shi Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma wa uli, zanen da matan Ibo kan yi a jiki da bango lokacin bukukuwa. Bai tsaya ga kallo daga nesa ba, domin mahaifiyarsa gwana ce a sana'ar, kuma a wurinta ya nemi sani. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ya kai wannan tafarki Jami'ar Nsukka, inda ya yaɗu a hannun ɗalibai. A ɓangaren Arewa kuwa, abokin karatunsu Jimo Akolo ya zana mahayan Fulani a 1962, sannan Gani Odutokun, wanda ya koyar a Zariya har rasuwarsa a 1995, ya yi zane a kan hawan sarki.

3.0 Kayan Hawa da Tarihinsu

Ba abin mamaki ba ne hawan salla ya ja hankalin masu zane, domin kayansa sun girmi bikin a sigarsa ta yanzu. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kananeji (1390-1410) ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke don yaƙi, Muhammadu Rumfa (1463-1499) kuma aka danganta wa kakaki da figini da takalmin gashin jimina. Da yaƙi ya kau bayan zuwan Turawa, sai kayan fama suka koma na ado. An baje su a Kaduna a 1956 domin Sarauniyar Ingila, aka sake yin haka a 1977 lokacin bikin FESTAC. A 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Kowace tufa a nan tana da mai ita. Alkyabba ta sarki ce da wanda aka naɗa sarauta. Rawani mai kunne biyu a Kano na jinin sarauta ne. Ja da kore kayan dogarai ne. Saboda haka ɗalibin da ya ɗora wa dogari kunne biyu don zanensa ya yi kyau, ya yi kuskure irin na mai cewa "sarki ta zo". Baƙo ba zai lura ba, amma ɗan gari zai gani nan take.

4.0 Sunaye da Masu Sana'a

Wanda ya nuna hanyar kauce wa irin wannan kuskure shi ne David Heathcote, malamin tarihin fasaha a Zariya, wanda ya shirya nunin fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya kuma kammala kundin digirinsa na uku kan aikin riga a 1979. Ya zauna da maɗinka da masu zana ado, ya tattara siffofi tare da sunayensu. Abin da idon baƙo ke gani a matsayin tsinaye da da'irori, a bakin maɗinki aska biyu ne, ko aska takwas, ko tambari, ko gidan biyar. Haka nan ƙyallen da ake aikin a kansa ya rarrabu zuwa saƙi da tsamiya da barage, rawani kuma akwai harsa, akwai ɗan Kura. Kowane suna yana nuni ga daraja da kuɗi da wurin da ya dace a sa tufar.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa Okeke da Heathcote, duk da bambancin asali da manufa, hanya ɗaya suka bi, wato tambayar masu sana'a. A yau keken ɗinki yana maye gurbin allura, shadda ta ture saƙi, kuma idan tsohon maɗinki ya rasu yakan tafi da sunayen da ba a rubuta ba. Wannan asara ta shafi manazarta harshe kamar yadda ta shafi masu zane. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya su haɗa kai da sassan zane, ta yadda duk ɗalibin da ya ɗauki kayan hawa, ko na Egungun, ko na Ijele, zai haɗa aikinsa da jerin sunayen kayan a harshen masu su, tare da bayanin wanda ya cancanci sa kowanne.