Fuskar V da Rijiyar Kusugu: Wane Ne Gwarzon Talaka?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Akwai wata fuska da kusan kowannenku ya taɓa gani: fara fat, mai siririn gashin baki da murmushin mugunta. Duk lokacin da rai ya ɓaci da gwamnati, kamar lokacin EndSARS a 2020 ko zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, wadda a nan Daura ma matasa suka fito, sai ka ga samari sun maƙala ta a Facebook a matsayin hotonsu. To fuskar wace ce?

Sunan mai ita Guy Fawkes. A ranar 5 ga Nuwamban 1605 aka kama shi a ƙarƙashin ginin majalisar Ingila yana gadin ganguna 36 na albarushi. Shi da abokansa 'yan ɗarikar Katolika sun shirya tarwatsa majalisar da Sarki James a ciki. An kashe shi a farkon 1606, kuma ɗaruruwan shekaru Turawan Ingila suna ƙona mutum-mutuminsa duk shekara a matsayin maci amana.

Littafin zane ne ya juya masa tarihi. A 1982 marubuci Alan Moore da mai zane David Lloyd suka fara fitar da V for Vendetta a mujallar Warrior, zamanin mulkin Margaret Thatcher, daga baya kamfanin DC Comics ya ƙarasa buga shi. Labarin ya hasko Ingila a 1997, bayan yaƙin nukiliya, inda jam'iyyar kama-karya mai suna Norsefire ta dasa kyamarori ko'ina, ta kwashe waɗanda ba ta so zuwa sansanoni. V fursuna ne a sansanin Larkhill, ɗaki na 5. Ya tsere, ya sa fuskar Fawkes, ya tarwatsa majalisa, ya riƙa bin waɗanda suka azabtar da shi yana kashewa ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai ga abin da masu hoton ba su cika sani ba. Wannan V ɗin ya kulle yarinyar da ya ceta, Evey, ya aske mata kai, ya gana mata azaba, wai don ya cire mata tsoro. Kuma littafin ya ƙare ne gari a hargitse, ba wanda ya san abin da gobe za ta haifar. Da gangan Moore ya bar mai karatu da tambayar: wannan gwarzo ne ko mahaukaci? Fim ɗin da aka yi daga baya shi ya goge ƙazantar, ya nuna dubban mutane sanye da fuskar, daga nan 'yan kutsen intanet na Anonymous suka ɗauke ta a 2008.

Yanzu mu dawo gida. Mu ma muna da labarin baƙon da ya karya dokar azzalumi da dare. A tarihin baka na Daura, macijin da ke rijiyar Kusugu, wanda ake kira Sarki, ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, ta ce babu hali. Ya tafi rijiyar, ya sare kan macijin da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Ku lura da abu biyu. Na farko, da gari ya waye kowa ya samu ruwa, har tsohuwar da ba ta da kowa. Na biyu, da Daurama ta nemi wanda ya yi aikin, ya fito fili da shaida, ya ɗauki alhakin abin da ya aikata. Ni a wurina ma'aunin ke nan: bayan ka sare macijin, talaka ya sha ruwa? Kuma za ka iya tsayawa gaban jama'a ka ce ni ne?

Ma'aunin nan yana da amfani, domin kalmar "ɗan tawaye" mai riƙe da mulki ne ke raba ta. Wajen 1805 Malam Isiyaku ya karɓi Daura da tutar Shehu Usmanu, Sarkin Gwari Abdu ya fita daga garin. Danginsa suka kafa kansu a Zango da Ɓaure, kusan shekara ɗari suna waje. A 1906 Turawa suka dawo da Malam Musa kan gadon Daura, zuriyarsa ce ke mulki har yau. Cikin ƙarni ɗaya, na ciki ya zama na waje, na waje ya dawo ciki. Saboda haka sunan da hukuma ta kira mutum bai isa hujja ba, aikinsa za a duba.

Abin da ya sa na ɗauko zancen nan shi ne yadda wasunmu suka fara yi wa 'yan bindiga kallon V. Bello Turji ya saki bidiyo yana zagin gwamnati, sai ka ga yara a TikTok suna cewa ai gaskiya ya faɗa. Jama'a, mu ɗora su a ma'aunin Kusugu mana. A ranar 1 ga Mayun 2019 an sace Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa, sai bayan wata biyu aka ceto shi a Kano. A Disambar 2020 an kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar Ƙanƙara, shugaban ƙasa na lokacin yana nan Daura. Manoman Jibiya da Batsari sun bar gonakinsu. Wanda ya ce ba za ka shiga gonarka ba sai ka biya shi, ai shi ne macijin da ke kwance a bakin rijiya. Gazawar gwamnati gaskiya ce, amma ba ta wanke shi.

In misali muke nema, muna da shi. A ranar 8 ga Agustan 1950 aka kafa NEPU a Kano. Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba da dubban talakawan da ba mu san sunayensu ba sun ja da Turawa da hukumar En'e, an ɗaure wasu, an yi wa wasu bulala, fuskarsu a buɗe. Da magajiyarta PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, aka soke haraji da jangali a jihohin, lokacin Daura tana cikin jihar Kaduna. Wannan ruwa ne da kakanninmu suka sha da bakinsu.

Don haka ku karanta littafin V in kun samu, zanensa da labarinsa sun cancanta. Amma kafin ka sa fuskarsa a hotonka, tambayi kanka ko kana da katin zaɓe, ko ka san sunan kansilanka, ko ka taɓa neman ganin kasafin ƙaramar hukumarku.

Ku ajiye mana ra'ayinku, musamman 'yan Zango da Ɓaure, ina son jin yadda dattawanku ke ba da wancan tarihin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.