Tarihin Yaƙi Da Dafin Ciwon Saifa

Wani mai sauraronmu, dillalin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya aiko da takarda yana tambaya: wai me ya sa ciwon saifa kan kashe dabba ko mutum bayan an riga an ba da magani? Kuma shin masana sun samo mafita?

To malam, mun gode. Amsar tana da tarihi, sai ka gyara zama.

Ciwon saifa, wanda ake ji a labarai da sunan antaraks, ya daɗe yana ɓarna a garke. A 1876 wani likitan Jamus, Robert Koch, ya tabbatar cewa wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ƙwayar da kan kwanta cikin ƙasa shekaru da dama ba ta mutu ba. A 1881 Louis Pasteur na Faransa ya gwada allurar rigakafi a bainar jama'a. Ya yi wa rabin tumakin gwajin allura, ya bar rabi, sannan ya sa wa dukkansu cutar. Waɗanda ba a yi wa allura ba suka mutu.

Wanda ya riga ya kamu fa? A 1895 Achille Sclavo na Italiya ya samar da magani daga ruwan jinin dabbobin da aka yi wa rigakafi, domin akwai sinadaran garkuwar jiki a ciki. Da fenisilin ya zo bayan 1940, sai aka yi watsi da wannan dabara.

Amma a 1954 wasu masana biyu a Ingila, Harry Smith da James Keppie, sun gano wani abu a jikin ɓerayen masar. Idan cutar ta yi nisa, ko an kashe ƙwayoyin kaf da magani, dabbar sai ta mutu. Ashe ƙwayar dafi take zubawa cikin jini. Dafin kan sa ƙarfin gudun jini ya faɗi warwas, gaɓoɓi su rasa jini, jiki ya saki. Ka ga kenan kashe maciji bayan ya yi sara ba ya fitar da dafi.

Daga baya aka gane dafin kashi uku ne. Ɗaya tamkar mabuɗi yake, shi ke buɗe wa sauran biyun ƙofar shiga ƙwayoyin halittar jiki.

A 2001 aka aika da garin cutar cikin wasiƙu a Amurka, mutum 22 suka kamu, 5 suka rasu. Wannan ya sa aka koma wa dabarar Sclavo, amma ta hanyar zamani. Aka ƙera sinadarin garkuwa da ke kama mabuɗin nan ya hana shi aiki. Tun da ba zai yiwu a sa wa mutum cutar da gangan ba, sai aka gwada a kan zomaye da birai. An kuma gwada a kan karnukan da dafin ya kayar wa gudun jini, aka haɗa musu da ƙarin ruwa da maganin ɗaga jini, waɗanda suka rayu suka ƙaru. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da raxibacumab a 2012, da obiltoxaximab a 2016. Ana haɗa su ne da maganin kashe ƙwayar, kuma sun fi amfani in an ba da su da wuri.

Sai dai jama'a, wannan magani na mutane ne, ba a samunsa a kasuwar ƙauye. Cutar kuwa tana kusa, domin a Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja, Jihar Neja. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin allurar rigakafinta, a riƙa yi wa dabbobi duk shekara. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko baki ko dubura, kada a yanka, kada a feɗe, kada a sayar da nama ko fata. A kira malamin dabbobi. Wanda kuma ya ga gyambo mai baƙin tsakiya a jikinsa bayan taɓa irin wannan dabba, ya garzaya asibiti a ranar, tun dafin bai taru ba.

Allah Ya kare mu da dukiyoyinmu, amin.